Taron tsofaffin ɗaliban Samaru da Kongo, harabobi biyu na Jami'ar Ahmadu Bello: me za mu yi da yinin Asabar?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum iyayena, yayyena da ƙannena. Na ga jadawalin da kwamiti ya fitar jiya na taronmu a Zariya. Allah ya saka musu da alheri, aikin ba ƙarami ba ne. Juma'a isowa da gaishe da tsofaffin malamanmu, Asabar da safe ƙwallo tsakanin 'yan Samaru da 'yan Kongo, da rana hutu, da daddare walima da anko, Lahadi addu'a a watse. Ban ƙi ko ɗaya ba. Amma akwai abin da ke cina a rai tun taron da ya wuce, gara in faɗe shi yanzu tun kuɗi bai fita ba.

Wancan karon na tafi da Sadiya, lokacin tana aji uku na sakandare. Muna tsaye gaban babban ɗakin karatu mai sunan Kashim Ibrahim ana ɗaukar hoto, sai ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, shi wannan Kashim Ibrahim ɗin malami ne a nan?" Na ce mata a'a, Gwamnan Jihar Arewa ne daga 1962 zuwa 1966, mutumin Barno, kuma malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Sai na waiga na ga yara wajen goma sun kewaye ni, 'ya'yan 'yan uwanmu ne duka, suna sauraro kamar ana ba su tatsuniya. Babu wanda ya taɓa gaya musu. Daga nan aka kira mu cin abinci, maganar ta mutu.

Shawarata biyu ce. Ta farko, yinin Asabar daga hantsi zuwa la'asar mu zagaya da iyalanmu wuraren da jami'ar ke ajiye tarihi: lambun sassaƙa na sashen zane, ɗakin kayan tarihin da ake tonowa daga ƙasa, da wurin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami. In hali ya yi, mu leƙa Arewa House, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna. Ta biyu, mu ma mu yi namu baje kolin. Kowa ya buɗe tsohuwar akwatinsa ya kawo abin da ya rage masa na zamanin karatu, a shimfiɗa a zauren walima yara su gani. Ina neman ra'ayinku.

Ma'aji:
Wa alaikumus salam Malam. Magana mai kyau, amma ni da jakar take hannuna dole in faɗi gaskiya. Har yau rabin mutane ba su biya karo-karonsu ba. Kuɗin zaure da abinci kaɗai ya cinye mafi yawan abin da ya shigo. Motar Kaduna ba ta cikin lissafi ko kaɗan.

Injiniya:
Ni dai ƙwallon nan kada a taɓa mana ita. Shekara guda ina jiran 'yan Kongo.

Lauyan Kongo:
Injiniya ka kwantar da hankalinka, muna nan zuwa. Malam Baban Sadiya, ina tare da kai a niyya, amma ka duba mutanen da kake magana a kansu. Wani daga Legas zai taso, wani daga Maiduguri, wani shekara ashirin bai sa abokin ɗakinsa a ido ba. Abin da ya kawo shi shi ne ya zauna da mutumin nan su yi hira har dare ya raba. Ka ɗauke shi ka sa a layi ana nuna masa fasassun tukwane cikin gilashi, zai bi ka don kunya, amma zuciyarsa tana wani wuri. Zumunci a ƙafa yake, shi muka zo yi. Tarihi yana nan ba inda za shi, duk mai so ya dawo wata rana shi kaɗai.

Baban Sadiya:
Barista, "ya dawo wata rana" ɗin nan ita ce ta kai mu inda muke. Shekara huɗu wasunmu suka yi a Samaru, wasu biyar, wasu shida, suna wuce sashen zane safe da yamma ba su taɓa shiga ba. Wanda bai shiga ba yana kwana a harabar, yaushe zai taso daga Legas don ya shiga? Kuma tarihin da nake jin tsoro a kansa ba na cikin gilashi ba ne, na cikin kawunan dattawanmu ne. Shi wannan yana tafiya. Tun taron bara mutum nawa muka yi wa ta'aziyya a nan?

Hajiya Babba (Amina Hall):
Wannan gaskiya ne ɗana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Baba Alhaji:
Ban cika magana a nan ba, jikata ce take rubuta mini. Da na ji ana karanta saƙon Malam sai na sa aka sauko mini da akwatin ƙarfe daga saman sif. Na samu tikitin abincina guda uku da ban ci ba, har yanzu a manne da juna, takardar ta yi ja. Na samu katin ɗakin karatu da hotona ina da suma. Na samu wasiƙar mahaifina, da ajami, wadda wani direban babbar mota ya kawo mini har ƙofar ɗaki, yana ce mini in riƙe sallah kuma kada in ci bashi.

Ku yaran yanzu ba ku san tikitin abinci ba. A zamaninmu ɗalibi yana zuwa ɗakin cin abinci da tikiti sau uku a rana, a zuba masa. A kan wannan tikitin aka yi rikicin 1978, lokacin da aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2. Ɗalibai a faɗin ƙasa suka tashi, shi ne abin da ake kira "Ali Must Go", wato a sauke Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya a lokacin. An rasa rayuka a Legas, an rasa a nan Samaru. Ina cikin harabar a ranar. Jikokina sun san sunan rikicin daga littafi, amma ba su taɓa riƙe takardar da aka yi shi a kanta ba sai yau. Yarinyar nan da take rubuta mini ta juya tikitin ta juya, ta kasa ajiyewa.

In za a yi abin da Malam ya ce, zan kawo su. In ba za a yi ba, zan mayar da akwatin inda yake, kuma na san ranar da na mutu da shara za a haɗa.

Auta:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni na gama ne shekara shida da suka wuce, ban taɓa ganin tikitin nan ba ko a hoto.

Lauyan Kongo:
Baba, Allah ya ja da rai. Na janye rabin maganata. Baje kolin kayanmu na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin wannan ai shi ma hira ce, hirar ma da ta fi daɗi. Yawon gidajen tarihi ne har yanzu ban gamsu ba.

Ustaz:
Ni ma ina da abin cewa, kuma ina roƙon a fahimce ni. Rubuce-rubucen malamanmu na da, wannan ko da kuɗina zan je in gani. Amma lambun sassaƙa da kawunan yumɓu na Nok, mutum-mutumi ne. Ba zan kai iyalina in tsaya gabansu ina yabawa ba, kuma ban ji daɗin a sa shi cikin jadawalin da aka ce na kowa da kowa ne ba.

Likita (Shika):
Allah ya gafarta Malam, ina girmama matsayinka, kuma ba zan ja da kai a fagen da ka fi ni sani ba. Abin da zan ce kawai, mu da muke son zuwa ba yabon gunki zai kai mu ba. Kawunan nan an fara cin karo da su ne a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba, nan kudancin Kaduna. Daga baya wani Baturen Ingila masanin tono kayan tarihi, Bernard Fagg, ya bi diddiginsu, kuma su ne ginshiƙin gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952. Sun haura shekara 2000. A Taruga, wani wuri kusa da Abuja, an samu matoyar da mutanen wancan zamani suke narka tama su fitar da ƙarfe. Ni abin da nake so ɗana ya gani ke nan: cewa a ƙasar nan da yake takawa an yi mutanen da suka san wuta da ƙasa da ƙarfe tun kafin a san za a yi wani abu wai shi Turawan mulki. Yaron da aka nuna wa wannan ba ya raina kansa. Kuma in ban yi kuskure ba, an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance.

Ustaz:
Likita, umarnin da kika ambata gaskiya ne, amma don wa'aztuwa aka yi shi, ba don ɗaukar hoto ana murmushi kusa da sassaƙe ba. Na san halin mutanenmu da waya. Duk da haka ban ce a hana kowa ba. A raba kawai, kada wanda ya ƙi zuwa ya zama kamar ya ɓata wa jama'a tsari.

Hajiya Babba (Amina Hall):
To ai shi ke nan, Ustaz ya kawo mafita da bakinsa. A yi rukuni biyu. Kuma ku tuna ba mu kaɗai ba ne, akwai 'yan uwanmu Kirista a cikinmu da yawa, kowa da inda zai fi so ya leƙa. Jami'ar nan tun asali ta kowa ce.

Ɗan Wusasa:
Na gode Mama. Ni da za a bi ta tawa, da an biya ta Wusasa an ga tsohuwar majami'ar nan ta ƙasa da aka gina a 1929, ginin Hausa tsantsa, da bakan gizo da azara, magina Hausawa suka yi ta. Wanda ya gan ta ya kuma ga tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarki Abdulkarimu, zai gane hannu ɗaya ne ya gada daga wani. Amma na san lokaci ba zai isa ba. Ina dai ajiye maganar don wata shekara.

Mai Zane:
Tun ɗazu nake karatu ina jiran a zo kan sashenmu. Injiniyoyi da lauyoyi kun daɗe kuna ce mana masu wasa da laka, to ku saurara.

Kafin a kafa jami'ar a ranar 4 ga Oktoba 1962, akwai kwalejin fasaha da kimiyya a wurin, kuma a cikinta ne a 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya. Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Malamansu Turawa ne, ana koya musu zane irin na Ingila, su kuwa suka ce za su karɓi dabarar amma za su zuba mata abin gida: zanen uli na jiki da bango na ƙasar Ibo, tatsuniyoyin Urhobo, adon Yarabawa. Har aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya. Yau duk inda ake koyar da tarihin zanen Afirka na zamani, a Landan ne ko a Amurka, sai an ambaci Zariya saboda su. Mutane suna ƙetaro teku su zo ganin inda abin ya faro, mu kuma da muka yi shekaru muna shan rake a bakin wurin ba mu sani ba.

Ustaz, sashen ba sassaƙa kaɗai ba ne. Akwai zanen fenti, kusa da shi akwai masu saƙa da rini da ginin tukwane. Akwai kuma dandalin wasan kwaikwayon nan na ƙasa, wanda aka yi da ɗakuna zagayayyu kamar gidan ƙauye, wani Ba'amurke mai tsara gini, Steven Ehrlich, ya zana shi a tsakiyar shekarun 1970 bayan ya zauna ya kalli yadda maginanmu ke aiki. Na taɓa zama a ciki da azahar a watan bazara, waje kamar tanda, ciki kuwa sanyi kamar an yi yayyafi. Wannan kaɗai darasi ne ga duk mai zuba kwano da siminti a ƙasar zafi.

Injiniya:
Wannan na ƙarshen ya taɓa ni. Na shiga wurin sau ɗaya kallon wasa da daddare, ban taɓa tsayawa na dubi ginin ba. Zan je. Amma bayan ƙwallo.

Maman 'Yan Biyu:
Ku yi haƙuri zan kawo abin da ba a ambata ba. Duk wannan magana ta masu hali ce. Muna da matan 'yan uwanmu da suka rasu, wasu da marayu biyar, shida. Muna da ɗalibai 'yan garuruwanmu a Samaru yanzu haka waɗanda kuɗin rajista ya gagare su. Ko sisi aka samu ya ragu, ni a ganina can ya kamata ya tafi. Yaron da bai ci abinci ba, me tikitin abincin 1978 zai yi masa?

Baban Sadiya:
Yaya, ba ni da amsar da ta fi taki ƙarfi, kuma ba na so a ɗauki ko kwabo daga asusun marayu. Amma ki duba inda kuɗin yake tafiya yanzu. Anko kaɗai, in kowa ya haƙura da shi ya sa farar rigarsa ta gida, abin da za a tara ya isa a biya wa yara da dama rajista, har a samu canjin buga hotuna. Zagayen cikin harabar kuwa ƙafa ce, ba ya cin komai sai ruwan sha da ɗan abin da za mu ba wanda ya buɗe mana ƙofa ranar hutunsa. Ban zo in raba marayu da abincinsu ba, da yadin shadda nake rigima.

Maman 'Yan Biyu:
In dai daga anko za a cire, na sa hannu. Amma ka shirya, mata za su cinye ka.

Hajiya Babba (Amina Hall):
Ba wadda za ta cinye shi. Akwatunanmu cike suke da ankon da aka sa sau ɗaya. Ni zan yi wa mata magana. Wadda ta riga ta saya ta sa abinta, wadda ba ta saya ba ta tura kuɗin wa Ma'aji.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ni na yi karatun aikin gona a Samaru, kuma ina alfahari da haka. Abin da zan ƙara: a gidan tarihin ƙasa na Yamai, wanda ake kira Boubou Hama, ba kaya kaɗai ake kallo ba. Maƙera da dukawa da masaƙa suna zaune a ciki suna aikinsu, yaro yana tsaye yana ganin yadda ake fitar da zobe daga azurfa. Shi ya sa yara ba sa gajiya da wurin. Ku yi haka da baje kolinku. Kada a jera kaya a tebur a bar su su kaɗai. Baba Alhaji ya zauna kusa da tikitinsa, mai hoto ya zauna kusa da hotonsa, yaro ya tambaya a ba shi amsa. Ni zan kawo littafin da nake rubuta gwajin irin gero da dawa a gonar cibiyar bincike, da ƙasar Samaru har yanzu a jikin shafukansa.

Farfesa:
Na bi muhawarar tun farko. Bari in yi magana a kan ɓangaren da na sani, wato takardu.

Game da Arewa House: gidan Sardauna ne, a Titin Rabah, a nan aka kashe shi daren 15 ga Janairu 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar bincike da adana tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara jagorantarta, daga baya ta koma ƙarƙashin jami'armu. Akwai kayan Sardauna na amfanin yau da kullum, akwai hotuna, akwai takardun gwamnatin Arewa, akwai rubuce-rubucen hannu. Wuri ne da ya cancanci yini guda cur. Daga Zariya zuwa Kaduna kusan kilomita 80 ne. A kwashi tsofaffi da yara a je a dawo a kuma yi walima da daddare, an cuci tsofaffin, an cuci wurin. Shawarata, masu komawa ta Kaduna ranar Lahadi ko Litinin su haɗu su tsaya, in an nemi izini tun da wuri. Hakan ya ɗauke wa Ma'aji kuɗin mota.

A cikin Samaru kuwa akwai tarin da shirin binciken tarihin Arewa ya fara haɗawa tun shekarun 1960, lokacin da aka riƙa bi gari gari, zaure zaure, ana roƙon malamai su ba da aron littattafansu a ɗauki hotonsu a mayar musu. Wanda bai taɓa ganin irin waɗannan takardu ba, ga abin da zai gani: ganye ne warwatse ba ɗinki, a tsakanin tadarishi biyu, a cikin gafaka ta fata. A ƙasan kowane shafi marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi na gaba, don in iska ta watsa su a iya jerawa. Tawada baƙa ta matani, ja ta wasali da kanun magana. In ka ɗaga takardar a haske, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a cikinta. Wannan takarda daga Italiya aka yi ta, ta biyo ta Tarabulus ko Masar, ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi kafin ta iso hannun malami a Kano ko Sakkwato ko Zazzau. Shafi ɗaya ya ishe ka ka koya wa yaro fatauci da ilimi da sana'ar dukanci a lokaci guda.

Gargaɗina a kan namu baje kolin. Kada kowa ya kai tsohuwar takarda a manne ta da roba mai zafi, yana kashe ta ne, ba a kuma iya cirewa. Kada a sa salatif. Kada a rubuta suna da biro a bayan hoto, a yi da fensir. Wasiƙar mahaifin Baba Alhaji kada ta yi yawo hannu hannu, a sa ta ƙarƙashin gilashi, a ajiye kwafinta a gefe tare da fassarar boko don waɗanda ba su iya ajami ba.

Ustaz:
Farfesa, Allah ya ƙara ilimi. Ni zan juya wasiƙar zuwa boko in Baba ya yarda. Kuma rukunin masu zuwa ganin takardu a sa sunana na farko. A gidanmu ma akwai gafaka biyu na kakanmu da gara ta fara taɓawa, ina so in tambayi masu aikin yadda ake tsare su.

Baba Alhaji:
Na yarda Malam. Sai dai akwai layi biyu a ƙarshe da suka shafi maganar aure, waɗannan a bar mini su.

Lauyan Kongo:
Tunda abin ya fara zama gaske, bari in yi aikina. Abu biyu. Na ɗaya, duk wanda ya kawo kaya a rubuta a ba shi shaida, a kuma fayyace aro ne ko kyauta. Na sha ganin 'yan uwa sun ɓata a kan hoto ɗaya da ya salwanta. Na biyu, hotunan rukuni. Akwai matan da ke cikin hotunan nan ba lulluɓi, a shigar 'yan mata ta wancan zamani, yau kakanni ne, wasu sun rasu. Kada a wayi gari a ga hoton matar mutum yana yawo a Facebook da sunan tarihi. A nemi izinin mai hoto ko iyalinsa kafin a kafa, kuma a hana ɗauka da waya a wannan ɓangaren.

Likita (Shika):
Barista ka yi mana adalci da wannan. Na gode.

Injiniya:
Tambaya ɗaya. Maganar 1978, da ta Mayun 1986 da aka sake rasa ɗalibai, za a sa su a bango? Ina tsoron kada walima ta koma zaman makoki, ko a fara nuna wa juna yatsa. A cikinmu akwai waɗanda suke ɓangarori daban a lokacin.

Baba Alhaji:
Ɗana, wanda muke cin abinci tebur ɗaya da shi yana cikin waɗanda ba su koma gida ba. Ba na neman a zagi kowa, shekaru sun ja, da yawa daga masu hannu a ciki sun tafi gaban Mai shari'a. Amma a ce mun taru mun ci mun sha a Samaru ba a ambace su ba, wannan ba zan iya ba. Allo ɗaya ya isa. A rubuta shekara, a rubuta abin da ya faru a taƙaice, a yi musu addu'a, Musulmi da Kirista kowa ta hanyarsa.

Injiniya:
Na fahimta Baba. Allah ya jiƙansu. Na janye.

Auta:
Mu matasa za mu ɗauki aikin hoto da naɗar murya. Muna da wayoyi masu kyau, mutum huɗu sun riga sun yi mini magana ta gefe. Tsarinmu shi ne duk dattijon da ya yarda mu zauna da shi minti ashirin a wani ɗaki mara hayaniya, ya faɗi shekarar da ya shigo, ɗakin da ya kwana, Suleiman ne ko Akenzua ko Danfodiyo ko Ribadu, malamin da ba ya mantawa, da yadda Samaru take a lokacin. Farfesa, in mun gama wa za mu ba? Kada ya ƙare a wayata, in ta faɗi a ruwa shi ke nan.

Farfesa:
Tambaya mai kyau 'yata. Kwafi uku: ɗaya wurin sakatare, ɗaya ga iyalin wanda aka naɗa, ɗaya kuma zan rubuta wa ɗakin karatu da Arewa House in ji ko za su karɓa da kuma sharuɗɗansu. Kowace murya a haɗa ta da takarda mai sunan mai magana, ranar da aka naɗa, da yardarsa a rubuce. Kuma ku bar su su yi da Hausa ko duk harshen da bakinsu ya fi sakewa. Kada ku katse dattijo in ya saki hanya, sau da yawa a can abin yake.

Mai Zane:
Allunan kafa hotuna da rubutun bayani ni zan yi, kyauta. A turo mini komai kafin sati biyu su rage, ban da ranar ƙarshe don Allah. Zan kuma yi wa abokan aikina na sashen magana a samu ɗalibi ko biyu su zagaya da mu.

Ma'aji:
To bari in tattara abin da ya shafe ni. Motar Kaduna ta fita. Anko ya zama ganin dama, kuɗin wanda ya fasa zai shiga asusun rajistar ɗalibai, sai ɗan abin da za a cire na buga hotuna da gilashi, kuma zan kawo lissafinsa a nan kowa ya gani. Ƙwallo da ƙarfe 7 na safe maimakon 9, don a fara zagaye da 10 da rabi. Waɗanda ba su biya ba, kun san kanku.

Lauyan Kongo:
Ƙarfe 7? Ma'aji, gwiwoyin nan sai rana ta ɗan gasa su suke miƙewa. Amma mun ji. Malam Baban Sadiya, zan bi zagayen, da sharaɗin wata shekara a zo Kongo. Makarantar koyon mulki da ke Kongo ta girmi jami'ar kanta, can aka horar da ma'aikatan En'e da alƙalan Arewa, mu ma muna da abin nunawa.

Baban Sadiya:
Na karɓi sharaɗin Barista, kuma Wusasa da cikin birni ma suna kan layi. Sakatare, don Allah a rubuta wa sassan uku takardar neman izini gobe, tunda Asabar ba ranar aiki ba ce sai an shirya da su. Na faɗa wa Sadiya, ta ce ita za ta zauna kusa da Baba Alhaji ta riƙe masa akwatin.

Baba Alhaji:
Ta zo da wuri. Akwatin yana da nauyi, kuma makullinsa sai an ɗan ɗaga murfin kafin ya juya.